In Wuta Ta Faɗo Daga Sama, Wa Za A Tambaya?

(Jawabin da ma'aikatan sashen agaji suka gabatar a taron fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata na ikkilisiyoyin karkara)

   

Kun saba jin mu muna magana a kan rijiya, da irin shuka, da ajiyar hatsi, da allurar rigakafin yara. Yau maganar ta fi waɗannan nauyi. Za mu yi magana a kan mutanen ƙauye da jiragen yaƙi marasa matuƙa ke kashewa, da abin da doka ta ce game da jininsu. Dalilinmu shi ne, in irin wannan abu ya faru, ma'aikatan agaji ne ke zuwa da buhun masara da bargo. Amma gwauruwar da aka miƙa wa buhun tana da tambayar da buhu ba ya amsawa: wa ya kashe mijina, don me, kuma wa zai tsaya ya ba da amsa?

ABIN DA YA FARU A TUDUN BIRI

Ran Lahadi 3 ga Disamba, 2023, da dare, mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna sun taru suna bikin Mauludi, maza da mata da yara. Sai jirgin Sojojin Ƙasa marar matuƙi ya sako musu bom. Waɗanda suka tsira sun ba da shaida cewa da jama'a suka ruga don su ɗauki masu rauni, aka sake sako na biyu.

Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, ta ce an binne mutum 85. Ƙungiyar Amnesty International ta ce waɗanda suka mutu sun wuce 120. Sojojin Sama suka ce ba jirginsu ba ne. Sojojin Ƙasa suka amsa cewa nasu ne, suna farautar 'yan bindiga ne. Shugaban Sojojin Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen da kansa ya nemi gafara. Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni a yi bincike. A watan Mayu na 2024 Hedkwatar Tsaro ta ce an gama binciken, kuma sojoji biyu za su gurfana gaban kotun soja, amma ba ta fitar da cikakken rahoton don jama'a su karanta ba.

Ba a kan Tudun Biri aka fara ba, ba a kanta aka ƙare ba. A watan Janairu na 2017 jirgin yaƙi mai matuƙi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, mutane da yawa suka mutu, har da ma'aikatan Red Cross shida da suka je kai abinci. Ran Kirsimeti na 2024 wani harin sama ya kashe aƙalla mutum 10 a ƙaramar hukumar Silame ta jihar Sakkwato.

'Yan'uwa, mu faɗi gaskiya gaba ɗayanta. 'Yan bindiga sun addabe mu. Sun sace mana 'ya'ya, sun kore shanu, sun hana noma. Mu da bakinmu muka roƙi gwamnati ta turo sojoji. A cikin sojojin nan akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu, wasunsu sun rasa rayukansu don mu kwana lafiya. Ba mu tara ku don zagin soja ba. Mun tara ku ne don mu san ƙa'idar da aka gindaya wa mai riƙe da makami, domin wanda bai san haƙƙinsa ba, ko sadaka aka ba shi a maimakon haƙƙin, godiya zai yi ya tafi.

YADDA JIRGIN KE AIKI

Jirgi marar matuƙi, wanda wasu ke kira kurman jirgi, ba shi da mutum a ciki. Mai sarrafa shi yana zaune a wani ɗaki nesa, yana kallon allon kwamfuta. Jirgin yana ɗauke da kyamara, wani kuma har da bom ko makami mai linzami. Yana iya yin awoyi yana shawagi a sama. Da dare kyamarar ɗumin jiki take gani, sai mutane su bayyana kamar inuwa masu motsi.

Mai kallon allon ba ya jin abin da ake faɗa a ƙasa. Ba ya jin waƙa, ba ya jin addu'a, ba ya jin kukan jariri. In an riga an gaya masa akwai 'yan bindiga a wajen, duk abin da ya gani zai fassara shi da wannan ido: taro ya zama sansani, babura su zama ayarin ɓarayi, sanda ta zama bindiga.

Kada mu ce wannan rashin ƙwarewar sojojinmu ne kaɗai. Amurka, wadda ta fi kowa daɗewa da irin waɗannan jirage, ta faɗa wannan rami. Ran 29 ga Agusta, 2021, a birnin Kabul na Afganistan, jirginta ya bi wata farar mota wajen awa takwas, sa'an nan ya harbe ta a cikin gida. Mutum 10 suka mutu, bakwai yara ne. Mai motar ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne kamar mu, abin da aka gani ana lodawa a motarsa aka zaci kayan bom ne kuwa jarkokin ruwa ne. Da farko sojojin Amurka sun ce harin daidai ne. Sai da 'yan jarida suka tono gaskiya, ran 17 ga Satumba Janar Kenneth McKenzie ya fito ya amsa cewa kuskure ne. Daga baya aka sanar cewa ba wanda za a hukunta.

A nan kusa da mu ma, a ƙauyen Bounti na ƙasar Mali, ran 3 ga Janairu, 2021, jirgin Faransa marar matuƙi ya leƙi wani taro, jiragen yaƙi suka zo suka yi ruwan bom. Masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce taron biki ne, kuma farar hula 19 suka mutu. Faransa ta musanta.

Kun ga ke nan na'ura ce ke gani, amma mutum ne ke yanke shawara. Saboda haka doka ba jirgi take tambaya ba. Mutum take tambaya.

TAMBAYOYI UKU NA DOKAR YAƘI

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1949, ƙasashe suka taru a Jeniba suka rattaba hannu kan yarjejeniyoyi huɗu na kare waɗanda ba sa yaƙi. A 1977 aka yi musu ƙari biyu. Najeriya ta amince da yarjejeniyoyin a 1961, ta amince da ƙarin a 1988. Sashe na 13 na ƙari na biyu, wanda ya shafi yaƙin cikin gida, ya hana a mai da farar hula abin hari. Daga waɗannan dokoki, da al'adar yaƙi da ƙasashe suka yarda da ita, akwai tambayoyi uku da ake yi wa duk wanda ya ba da umarnin harbi.

Ta fari: ka bambance? Dole ne mai hari ya raba tsakanin mai yaƙi da wanda ba ya yaƙi. Zama a yankin da 'yan bindiga ke yawo bai mai da manomi ɗan bindiga ba. Hawa babur, ko taruwa da dare, bai mai da kowa abin hari ba. Sashe na 50 na ƙari na farko ya ce in akwai shakka a kan mutum, a ɗauke shi farar hula.

Ta biyu: ka auna? Ko da akwai mai bindiga na gaske a wurin, ba a yarda a kai hari ba in barnar da ake tsammanin za ta sāmi farar hula ta wuce kima in aka gwada ta da ribar da soja zai samu. Ba a ƙone rumbu don a kashe ɓera.

Ta uku: ka yi hattara? Dole ne kwamanda ya yi duk abin da zai yiwu don ya tabbatar da abin da yake gani. Ya gwada labarin da aka kawo masa da wani labari. Ya zaɓi lokaci da makamin da za su rage barna. In ya gane ana cikin hari cewa farar hula ne, ya dakatar. A nan ne maganar bom na biyu ke da nauyi, domin doka ta ba da kāriya ta musamman ga masu rauni da masu ɗaukar su.

Jirgi marar matuƙi yana iya jira. Mai sarrafa shi ba ya cikin haɗarin harsashi, yana da damar ya ƙara kallo, ya ƙara tambaya. Masana shari'a da yawa suna cewa wannan dama ƙarin nauyi ce a kansa, domin wanda yake da halin yin hattara bai yi ba, uzurinsa kaɗan ne.

YAƘI NE KO AIKIN 'YAN SANDA?

Akwai wata tambaya da ta riga waɗannan uku. Dokar yaƙi tana aiki ne inda ake yaƙi. Inda ba yaƙi ake ba, ɗan fashi mai laifi ne da za a kama a kai kotu, ba a kashe shi sai in babu wata hanyar ceton rai. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkinmu na 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin rayuwa. Haka ma sashe na 4 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam.

A watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga sanarwar a Janairu na 2022. Amma lauyoyi suna jayayya ko wannan suna kaɗai ya isa ya mai da kowane daji da kowane ƙauye na arewa maso yamma fagen yaƙi. Jayayyar ta shafe mu kai tsaye. In yaƙi ne, tambayoyi ukun nan ake yi. In ba yaƙi ba ne, ma'aunin ya fi haka tsanani. Ta kowace fuska aka duba, babu dokar da ta halatta a jefa bom a kan taron mata da yara, sa'an nan a rufe maganar da kalma ɗaya.

KALMAR "KUSKURE" BA TA RUFE SHARI'A

Wasu za su ce, ai ba da gangan aka yi ba, sai haƙuri. Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki mun san Allah bai tsara haka ba.

A Maimaitawar Shari'a sura 19 an kawo misalin mutum biyu da suka je jeji saran itace, ruwan gatari ya fice daga ƙota ya kashe ɗayan. Wanda ya yi saran ba mai kisankai ba ne, an tanada masa birnin mafaka don kada a ɗauki fansa a kansa. Amma Littafin Ƙidaya sura 35 ya nuna cewa taron jama'a ne zai saurari maganar ya yanke ko kuskure ne ko ganganci. Ba wanda ya yi kisan ne ke wanke kansa ba. A Maimaitawar Shari'a sura 22 kuma an umarci mai gina soro ya yi masa rawani, don in wani ya faɗo, alhakin jininsa na kan mai gidan. Wato sakaci ma laifi ne. A sura 21, ko gawa aka tsinta a fili ba a san wanda ya yi kisan ba, dattawan garin da ya fi kusa sai sun fito sun yi magana a gaban Allah. Tun daga jinin Habila, Ubangiji bai taɓa barin jinin marar laifi ya wuce ba tambaya ba.

Dokar ƙasa da ƙasa ma haka ta tsara. Ba kowane kuskure ne laifin yaƙi ba, amma duk inda farar hula suka mutu ta hanyar da ake zargin an keta doka, wajibi ne a yi bincike na gaskiya, cikin hanzari, kuma masu binciken kada su zama waɗanda ake zargi. Iyalai su san abin da aka gano. In akwai mai laifi, ya fuskanci shari'a. A biya diyya. A gyara tsarin don kada a maimaita.

Mu kuma rarrabe tallafi da diyya. Tallafi kyauta ce, mai bayarwa ne ke yanke nawa, kuma gode masa ake yi. Diyya bashi ce, wanda ya yi barna ne ke biya, domin ya amsa alhaki. Karɓar shinkafa da kuɗin magani ba laifi ba ne, amma ba ya shafe haƙƙin neman diyya.

KOTU TANA DA AMFANI?

Hanyar kotu doguwa ce, ba za mu ɓoye muku ba. Wani mutumin Yaman da jirgin Amurka ya kashe masa 'yan'uwa biyu a 2012, ɗaya limami mai wa'azi a kan 'yan ta'adda, ɗaya ɗan sanda, ya kai ƙara Amurka. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan maganar gwamnati ce, kotu ba ta da hurumi a ciki. A Pakistan kuwa, Babbar Kotun Peshawar ta yanke a 2013 cewa hare-haren jiragen Amurka a yankunan kan iyaka sun saɓa wa doka, amma hare-haren ba su tsaya nan take ba.

A ƙasarmu akwai misalai da ke ba da ƙarfin gwiwa, ko da yake sojojin ƙasa ne suka yi barnar, ba jirage ba. Mutanen Zaki Biam na jihar Binuwai, da aka rushe wa gari a 2001, kotu ta ba su gaskiya a 2007, ta ce a biya naira biliyan 41.8. Mutanen Odi na jihar Bayelsa, da aka far wa a 1999, kotu a Fatakwal ta ce a 2013 a biya su naira biliyan 37.6. Biyan kuɗin ya zo da jan ƙafa da jayayya, amma an rubuta a tarihi cewa talakan ƙauye ya kai gwamnati ƙara ya yi nasara. Sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa babbar kotu. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ke karɓar koke ba tare da an biya ta ba. Akwai kuma Kotun ECOWAS a Abuja. Duk waɗannan wurare abu ɗaya suke nema: shaida.

ABIN DA IKKILISIYA ZA TA IYA YI

Na ɗaya, kowace majami'a ta riƙe littafin sunayen mutanenta, da shekarunsu da sana'arsu. Ran da aka ce matattu 'yan bindiga ne, littafin nan ne zai nuna cewa wannan makiyayi ne, wannan ɗalibi ne, wannan mai shayarwa ce.

Na biyu, in za a yi babban taro da dare ko a bayan gari, kamar kwanan addu'a, bikin Kirsimeti, biki ko jana'iza, a sanar da mai unguwa da dagaci da jami'an tsaro mafi kusa, a rubuce, a riƙe kwafi. Doka ba ta ɗora wa talaka wannan nauyi ba, nauyin tantancewa na kan mai makami ne. Amma rigakafi ya fi magani, takardar kuma shaida ce.

Na uku, in Allah ya kiyaye abu ya faru, kada kowa da kowa ya ruga wurin lokaci guda. A janye yara nesa. Mutane kaɗan masu ƙarfi su ɗauko masu rauni. Kada a taɓa ƙarafan da suka faɗo, wani bai gama fashewa ba.

Na huɗu, a rubuta kome tun yana sabo: rana, lokaci, abin da aka ji, abin da aka gani, sunan kowane mamaci da mai rauni. A ɗauki hoto in da hali. A adana takardun asibiti. Kada a ƙara ko mutum ɗaya a lissafi, domin ƙarya guda tana rushe gaskiya ɗari.

Na biyar, kada wani ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. A nemi lauya ko wani amintacce mai ilimi tukuna.

Na shida, mu kame bakinmu daga jita-jita, mu hana matasanmu ɗaukar fansa. Neman adalci ta hanyar doka shi ne ke kashe wutar ramuwa.

SU WANE NE MAƘWABTANMU?

Taron Tudun Biri na Mauludi ne. Mai yiwuwa wani ya ce a ransa, wannan ba tamu ba ce. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gaskiya ne, domin daga sama taron Mauludi da taron waƙoƙin Kirsimeti kamanninsu ɗaya ne. Amma Ubangijinmu ya kira mu ga abin da ya wuce shafa wa gemunmu ruwa. A Luka sura 10, wanda ya tsaya ya ɗaure raunin mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya Basamariye ne, ba ɗan ƙabilarsa ba, ba abokin sujadarsa ba. Kowane yaro da ya mutu a wannan dare, cikin siffar Allah aka halicce shi.

Don haka in irin wannan ta sāmi maƙwabtanmu Musulmi, mu je gaisuwar ta'aziyya, mu ba da jini a asibiti, mu raba abin da muka tara na baiko. In fasto da limami suka tafi tare gaban hukuma da takarda ɗaya, muryarsu ta fi nauyi, kuma mai son raba kanmu ba zai sami ƙofa ba. Mu da muka sha kuka cewa ana kashe namu ba a hukunta kowa, mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan zafi.

Mu yi addu'a domin gwauraye da marayu da waɗanda suka nakasa. Mu yi addu'a domin sojojinmu, Allah ya tsare su, ya ba su idon tantancewa. Mu yi addu'a domin shugabanni da alƙalai, su ji tsoron Allah su faɗi gaskiya. Muna roƙon kowane fasto da kowace shugabar zumunta su karanta wa jama'arsu wannan jawabi, a kuma fara littafin sunaye kafin taronmu na gaba. Mai bukatar taimako wajen tsara littafin, ya tuntuɓi ma'aikacin agaji na gundumarsa.

Ubangiji ya ba ƙasarmu salama mai tafiya tare da adalci. Allah ya mai da kowa gida lafiya. Amin.